Amsa ga Mai Kiwon Tarwada a Gidan Katta

Wani ɗan'uwa daga Gidan Katta, ƙasar Illela, ya rubuto cewa ya gina tankin siminti, ya zuba 'ya'yan tarwada, kwana 3 duk suka mutu.

To Malam, Allah Ya mayar da alheri, amma ka yi gaggawa. Sabon siminti yana sakin kaifi kamar na kanwa; jiƙa shi, kana sauya ruwa. Sannan kashin kifi guba ne, sai wasu ƙwayoyin halitta sun zauna a tankin suna cinye shi, mako 4 zuwa 6 ke nan. Riƙa barbaɗa ɗan abincin kifi, ba kifi ciki, su samu na ci. In ka ƙaro wasu, ware su dabam mako 2 tukuna.