Kafin Mu Sa Kuɗin Rance Cikin Kaji, Mu San Wacce Muke Saya



An ce mu yi magana a kan kaji, tunda da yawanmu in mun karɓi rance ko mun kwashi adashi, akurki muke fara tunawa. To, mu 'yan kasuwar Television mun sha wuya a kan wannan. Kwanakin baya wasunmu suka haɗa kuɗi, wani mutum ya kawo mana 'yan tsaki cikin kwali, ya ce duka masu ƙwai ne. Muka yi ta zuba dusa da kuɗin rigakafi. Ashe zakaru ne! Sai da suka fara cara a bayan gida muka gane, ga kuma ranar biyan bashi ta zo.

Da mun san abu ɗaya, da hakan bai faru ba. Jajayen kajin ƙwai na gidan gona, irin Isa Brown, tun ranar ƙyanƙyasa ake bambanta su: mace ja-ja ce, namiji fari-fari. Baƙaƙen kuma, waɗanda ake kira Harco, namijin yana da ɗigon fari a ka. Namu farare ne tas, muna ta murna wai sun fi kyau.

Kazar gida kowa ya san ta: ƙaramar jiki, launi barkatai, akwai fingi, akwai mai wuya ba gashi. Ƙwanta ƙarami ne, fari mai ɗan duhu. Takan yi goma zuwa goma sha biyar ta tsaya ta yi kwanci, kwana 21 ta fito da 'ya'ya. Kazar Fulani danginta ce, sai dai ta fi ta tsawo da nauyi. Ita ja ta gidan gona ƙwanta babba ne, ja-ja, kusan kullum, amma da wuya ta kwanta a kansa, kuma ba ta yarda da tsince-tsince kawai, sai abincin buhu. Akwai Shika Brown, wadda aka samar a cibiyar binciken dabbobi ta Shika kusa da Zariya don ta jure zafin ƙasarmu. Noila kuwa ita ce mai rikita mutane, don launinta kamar na kazar gida ne. Ku dubi ƙafa da ƙirji: nata sun fi kauri nesa.

Wata dabara da malamarmu ta yaƙi da jahilci ta sa muka rubuta a littafi: ku duba 'yar fatar kunnen kaza. In fara ce, yawanci farin ƙwai za ta yi, in ja ce, ja-ja. Yawanci muka ce, ba kullum ba. Kuma kada mai saye ya ruɗe ku wai jan ƙwai ya fi gina jiki. Launin ɓawo na iri ne. Gwaiduwa ce ke bin abinci, kazar da ke cin ganye da jar masara tata ta fi ja.

Inda aka fi cutar mu shi ne tsofaffin kajin da gidan gona ya gama da su, a kawo su gab da Kirsimeti ko Sallah a ce sagaru ne. Mama, ɗauki kazar a hannunki, kada ki ji kunya. Zankon mai ƙwai ja ne, mai laushi. In ya yanƙwane ya yi fari, gashi ya zube, ta miya ce, ki biya kuɗin miya. Sa yatsu tsakanin ƙasusuwa biyu na ƙarƙashin wutsiya: in uku sun shiga tana ƙwai, in ɗaya ne kawai, ko ba ta fara ba ko ta daina.

Muna roƙon kwamiti, duk wadda za ta sayi kaji da kuɗin ƙungiya bana, a haɗa ta da ɗaya daga cikinmu su je tare.