Kututturen da ke Gonarka Bai Mutu Ba



Dattawan da ke zaune a nan sun san yadda Dajin Rugu yake a da. Daga Runka zuwa Batsari, kirya da marke da tsamiya sun rufe ƙasa. Fari na 1973 da na 1984 sun kashe itatuwa da yawa, mu kuma muka ƙarasa sauran da gatari, don gawayi da itacen sayarwa da sabuwar gona. Yau iska tana kwashe ƙasar gonakinmu, ruwan sama yana yanka kwazazzabai.

Abin bai tsaya nan ba. Dajin ya zama mafakar 'yan bindiga, har a 2021 gwamnatin Jihar Katsina ta hana motoci ɗauko itace daga daji. Amma tukunya ba ta jira. Matanmu da 'ya'yanmu ne ke yin nisa neman itacen girki, ransu a hannu.

A Farawa 2:15, aikin farko da Allah ya ba mutum shi ne noman gona da kiyaye ta. Mun riƙe noman, mun saki kiyayewar.

To, me za mu yi? Mu dubi maƙwabtanmu na Maraɗi, a Nijar. A 1983 wani ma'aikacin mishan na SIM, Tony Rinaudo, ya lura cewa ƙananan tsire-tsiren da manoma ke sassabewa kowace shekara toho ne na kututturen itatuwa, saiwarsu tana nan da rai a ƙasa. Sai manoma suka fara barin rassa uku zuwa biyar masu ƙarfi a kowane kututture, suna yanke sauran, suna kare su daga wuta da dabbobi. Babu sayen iri, babu ban ruwa. Ta wannan hanya itatuwa kimanin miliyan 200 suka dawo a gonakin Nijar.

'Yan'uwa, ƙasarsu ta fi tamu bushewa. Kalgo da sabara da gawo suna nan a gonakinmu. Gawo ma da damina yake zubar da ganye, ya ba gero taki, bai tare masa rana ba.

Roƙona uku ne. Kowane magidanci ya bar kututture goma a sassaben bana. Dattawa su fara da gonar ikkilisiya, domin a gani a koya. Mu kuma zauna da maƙwabtanmu Musulmi da makiyaya da masu unguwanni a yi yarjejeniya, gama akuya ba ta san iyakar gona ba.

In muka yi haka, nan da 'yan shekaru mace za ta sami itace a bayan gida, ba a bakin daji ba.

Ubangiji ya ba mu ikon aikatawa. Amin.