Jawabin Babban Baƙo a Bikin Yaye Malaman Jinya da Ungozomomi



Mai girma Kwamishinan Lafiya, wakilin Mai Martaba Sarki, Allah ya ja zamanin Sarki, shugaban wannan kwaleji da malamanta, iyayenmu maza da mata da suka baro ayyukansu domin wannan rana, sai kuma ku 'ya'yana da ake yayewa yau, ina yi wa kowa barka da zuwa, ina taya ku murna. Iyaye, ku kuka sayar da amfanin gona da 'yan awaki aka biya kuɗin makaranta. Allah ya ba ku ikon cin moriyar wahalarku.

An ce in yi magana a kan binciken cututtukan zuciya da jijiyoyin jini. Na san wasunku da jin kalmar bincike sai ransu ya tafi ga farfesoshi da manyan na'urori a ƙasashen Turawa. To, akasarin abin da muka sani game da zuciya, da awo da rubutu aka samo shi, kuma hannuwa irin naku ne suka yi awon, suka yi rubutun.

A ranar 12 ga Afrilu, 1945, shugaban Amurka Franklin Roosevelt ya rasu yana da shekara 63, jijiya ta fashe masa a ƙwaƙwalwa. Awon jininsa a ranar ya kai 300 bisa 190. Shekaru jinin nan yana hawa a gaban manyan likitocin ƙasarsa, amma a wancan zamani likitoci da yawa sun ɗauka cewa jikin dattijo yana bukatar jini mai ƙarfi domin ya ratsa jijiyoyin da suka ƙanƙance, saukar da shi ma haɗari ne. Ko da sun so saukarwa, magungunan kirki ba su samu ba tukuna. Shekara uku bayan haka, a 1948, aka zaɓi wani ƙaramin gari mai suna Firamingham a jihar Masachuset, aka rubuta sunayen mutum 5,209, maza da mata. Ba magani aka ba su ba. Duk bayan shekara biyu su zo a auna jininsu da nauyinsu, a ɗebi jini, a tambaye su abin da suke ci da tabar da suke sha, a rubuta, su koma gida. Sai a 1961 William Kannel da abokan aikinsa suka fito da bayanin da ya nuna ƙarara cewa hawan jini da yawan kitse a jini suna gabatar ciwon zuciya da shekaru, kuma ana iya gane wanda ke cikin haɗari tun yana tafiya da ƙafarsa. A 1971 aka shigar da 'ya'yan mutanen farko, a 2002 aka shigar da jikokinsu. Aikin yana nan har gobe.

Sanin haɗari daban, sanin ko magani zai kawar da shi daban. Wannan kuma Edward Freis ne ya gwada shi a asibitocin tsofaffin sojojin Amurka, sakamakon ya fito a 1967 da 1970: waɗanda aka saukar wa jini da ƙwayoyi, shanyewar ɓarin jiki da gazawar zuciya sun ragu a cikinsu ƙwarai. Duk ƙwayar hawan jinin da za ku miƙa wa majinyaci gobe, a kan irin wannan gwaji take tsaye.

Mu a nan an daɗe ana ce mana wannan ba ciwonmu ba ne. A 1929 wani likita Bature mai suna Donnison ya auna mutane a Kenya, ya rubuta cewa jinin Baƙar fata ba ya hawa da tsufa kamar na Turawa. Maganar ta zauna a littattafai, sai da irin su marigayi Farfesa Oladipo Akinkugbe na Ibadan suka fita da na'ura suka auna mutanen gari da na ƙauye, suka nuna cewa hawan jini yana nan a cikinmu, yana kuma lalata ƙoda da zuciya tun mutum yana da sauran ƙuruciya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 17.9 cututtukan zuciya da jijiyoyi suka kashe, kusan kashi ɗaya cikin uku na dukkan mace-macen duniya, kuma sama da kashi uku cikin huɗu na wannan adadi a ƙasashe marasa ƙarfi ne irin namu. Rahotonta na 2023 ya ce baligi ɗaya cikin uku yana da hawan jini, kusan rabinsu kuma ba su sani ba.

Bari in zo gida, domin akwai labarin da nake so kowace ungozoma a cikinku ta riƙe.

A shekarun 1970, a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, Farfesa Eldryd Parry da Dakta Davidson suka lura da wani abu da ba su saba gani a ƙasarsu ba. Mace ta haihu lafiya, an yi suna, an ci naman rago. Kafin a yi arba'in ko jim kaɗan bayanta sai a kawo ta ƙafafu sun kumbura, ciki ya ɗauki ruwa, tana haki, ba ta iya kwanciya sai a jingine. Zuciyar ta buɗe, ta kasa tura jini. Suka bi mata 224 masu wannan ciwo, suka wallafa abin da suka gani a 1978. Ƙiyasin da aka yi a Zariya ya kai kusan mace ɗaya a cikin haihuwa ɗari, abin da ya ninka na Turai da Amurka sau da yawa. Da suka duba rayuwar matan sai suka ga wankan jego safe da yamma da tafasasshen ruwa da ganye, ga kwanciya a kan gadon ƙasa da aka hura wuta a ƙarƙashinsa, ga kunun kanwa kwano bayan kwano. Kanwa cike take da sinadarin da ke cikin gishiri, mai riƙe ruwa a jiki, zafi kuma yana ƙara wa zuciya aiki. Bayanin ya shiga hankali, duniya ta karɓa, mu ma haka aka koya mana, haka muka koyar.

Amma masu bincike ba su naɗe tabarma ba. A Yamai, Dakta Cénac da abokansa sun auna jinin masu jego masu wannan ciwo, a 1992 suka ba da rahoton cewa wani sinadari da jiki ke samu daga abinci, wato seleniyom, ya yi ƙaranci a jininsu. A Sakkwato an sake ƙirgawa, aka samu adadin da bai yi nisa da na Zariya ba. A Kano, Farfesa Kamilu Karaye ya sake ganin ƙarancin seleniyom ɗin, sannan ya jagoranci tattara bayanan mata sama da 400 daga asibitocin sassan Najeriya, aka wallafa a 2020. Da aka kwatanta su da masu jegon da ba su kamu ba, sai wankan jego da kunun kanwa suka kasa fitowa a matsayin masu laifin da ake zato, domin masu lafiyar ma suna yi. Abubuwan da suka fito su ne rama, da rashin karatu, da rashin sana'a, da hawan jinin masu ciki wanda ke kaiwa ga jijjiga. A taƙaice, talauci da cikin da ba a yi masa awo ba.

Kada wata ta fita daga nan ta ce likita ya wanke kanwa. Ban wanke ta ba. Mai jegon da jininta ya hau, ko ƙafarta ta fara kumbura, kunun kanwa zai ƙara mata nauyi, kuma ruwan da ke saɓule fata ba shi da wani alheri. Abin da nake nuna muku shi ne, aikin Zariya aiki ne mai kyau na mutane masu lura, duk da haka bayan shekara arba'in ƙirga ta zo ta gyara shi. Da mun tsaya a kan maganar farko, da har yanzu muna yi wa kakanni faɗa a kan tukunyar wanka, alhali yarinyar da ke kwance tuwo take bukata da nama da awon jini tun cikinta yana wata huɗu.

Haka abin yake a shanyewar ɓarin jiki, wanda a gidajenmu ake cewa iska ce ta bugi mutum, ko jifa aka yi masa. Wani babban bincike da Farfesa Mayowa Owolabi ya jagoranta a Najeriya da Gana, wanda Kano da Zariya suna cikinsa, ya kwatanta sama da mutum 2,000 da suka shanye da takwarorinsu masu lafiya. Sakamakon 2018 ya nuna hawan jini ya yi wa sauran dalilai fintinkau, sai kitse a jini da ciwon suga da ƙiba da ƙarin gishiri a abinci. Masu yawan cin ganye kuwa sun fi samun kariya. Zogale da alayyafo da rama da muke rainawa, ashe suna da ranarsu. A 2019 kuma Dakta Dike Ojji na Abuja ya jagoranci gwajin magunguna a ƙasashen Afirka shida, aka ga cewa haɗin da ke ɗauke da amlodifin ya fi saukar da jinin mutanenmu a kan wani haɗin da ake yawan rubutawa. Kafin wannan gwaji, da awon wasu ake yanka mana riga.

To, ina ku a cikin wannan?

Hausawa na cewa ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. A hawan jini ido bai san komai ba. Za ku ga ɗan kasuwa ja-jawur, ya yi Asuba a jam'i, ya karya da ƙosai da koko, jininsa kuwa 190 ne. Ba ciwon kai, ba jiri. Na'ura ce kaɗai za ta faɗa, ita ma sai an yi mata adalci. Mutum ya zauna ya huta minti biyar, bayansa a jingine, ƙafafu a ƙasa, hannu a kan tebur daidai ƙirji. Maɗaurin ya dace da damtsensa, domin ƙaramin maɗauri a babban damtse ƙarya zai yi muku. Kada ya yi magana, ku ma ku bar gaisuwar sai an gama. Idan ya kai 140 bisa 90, a sake wata rana kafin a yanke hukunci. Sannan ku rubuta abin da kuka gani. Na sha buɗe rajistar awon ciki in tarar da 120 bisa 80 tun daga saman shafi har ƙasa, mace talatin, hannu ɗaya, biro ɗaya. Wanda ya yi wannan ya cuci matar da jijjiga ke jira a gida, ya kuma cuci mai binciken da zai zo bayan shekara goma yana neman gaskiyar garin a cikin wannan littafi.

Za ku kuma sha fama da wata magana: na sha maganin, na warke. Dattijo zai sha ƙwaya wata guda, ya ji garau, ya ajiye, sai an kawo shi a kwance baki ya karkace. Ku gaya masa tun ranar farko, da ladabi, a gaban babban ɗansa ko uwargida, cewa wannan magani na kullum ne. Ku tambaye shi ko yana sayen maganin ciwon jiki a kemis, domin wasunsu suna tayar da jini. Uwargida kuwa ku yi hira da ita a kan tukunya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin baligi ya wuce giram 5 a yini, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ba, kuma dunƙulen da ake jefawa uku huɗu a miya, da yajin da ake barbaɗawa, duk a cikin lissafin suke. Kada ku ce ta daina, ba za ta daina ba. Ku ce ta rage ɗaya, ta ƙara daddawa, bayan sati biyu ta sake rage ɗaya. A yankin Kareliya ta Arewa a ƙasar Finlan, inda aka fara irin wannan aiki a 1972 da matan gida da malaman jinya, mutuwar magidanta ta ciwon zuciya ta ragu da sama da kashi 80 cikin ɗari a tsawon shekara arba'in.

Yaron da aka kawo da ciwon maƙogwaro da zazzaɓi, ku duba shi da kyau. Wani irinsa idan ba a ba shi fenisilin ba, shi ne ke komawa ya cinye ƙofofin zuciya, ya dawo mana yana saurayi yana haki.

Ranka ya daɗe, mai girma Kwamishina, roƙona a madadin waɗannan yara ƙarami ne. Kowane ƙaramin asibiti da za a tura su, su tarar da na'urar awo mai aiki, da maɗauri babba da ƙarami, da batir, da rajista mai sauran shafi, da maganin da ba ya yankewa a tsakiyar wata. Allah ya ja zamanin Sarki, idan masu unguwanni da limamai suka miƙa hannu aka auna su a bainar jama'a bayan sallar Juma'a, talakawa za su yi layi ba tare da an kira su ba.

'Ya'yana, Allah ya yi muku albarka, ya sa hannunku ya zama na waraka, ya tsare ku a wuraren da za a tura ku. Waɗanda suka zo daga nesa, Allah ya mai da kowa gidansa lafiya.