Magana da Harsuna a Tsakanin Kirista

Tushen wannan al'amari yana cikin Littafin Ayyukan Manzanni, sura ta 2. An ruwaito cewa ranar Fentikos almajiran Almasihu sun yi magana da waɗansu harsuna a Urushalima, baƙin da suka zo idi kuwa kowa ya ji harshen ƙasarsa. Amma harshen da Bulus ya ambata wa Korintiyawa sai da mai fassara ake gane shi, har ya ƙayyade kada masu magana su wuce uku a taro guda.

Da al'adar ta farfaɗo a Amurka, a Topeka cikin 1901 da titin Azusa na Los Angeles cikin 1906, mabiyanta sun ɗauka irin na Urushalima aka ba su. Alfred Garr ya tashi zuwa Indiya yana da yaƙinin Bangalanci yake yi. Da ya sauka Kalkata, mutanen garin ba su fahimce shi ba ko kaɗan. Tun daga wannan zamani akasarinsu suka koma ga fahimtar Bulus, wato harshen addu'a ne tsakanin bawa da Ubangijinsa.

A 1972 masanin harshe William Samarin ya bayyana cewa gaɓoɓin da ake furtawa galibi daga sautukan harshen mai maganar suke fitowa, ba su da nahawu. Ko Ruhu Mai Tsarki ne ke motsa su, wannan kam ya fi ƙarfin ma'aunin ilimin harshe.