Ta Ƙwai Ake Ƙarar da Tsuntsu

Masu sarauta, malamai iyayenmu, ma'aikatan gandun daji da suka taso daga Dapaong, da ku ɗalibai, ina gaishe ku duka. Na gode wa dattawan Didawure da suka ba mu wurin zama. Lokacin da aka ba ni kaɗan ne, bari in shiga magana.

A Tekun Indiya, gabas da Madagaska, akwai tsibirin Morishas. A 1598 jiragen ruwan Holan suka yada zango a can, suka tarar da wani ƙaton tsuntsu mai kaurin baki, dangin tantabara, amma ya fi talotalo jiki. Fukafukansa sun tsuke, ba ya tashi. Turawa suka raɗa masa suna dodo. Bai taɓa haɗuwa da mutum ko wata dabba mai farautarsa ba, don haka ko an tunkaro shi ba ya gudu. Ganin ƙarshe da yawancin masana suka amince da shi an yi shi ne a 1662, lokacin da wani matuƙi mai suna Volkert Evertsz, wanda jirginsu ya nutse, ya ci karo da tsuntsayen a wani ɗan tsibiri da ke gefen babban. Shekara 64 ke nan tsakanin haɗuwarsa da mutum da ganinsa na ƙarshe.

Abin da ake koya wa yara shi ne matuƙa ne suka cinye shi. Ban yarda ba, kuma na daɗe ina jayayya da abokan aikina a kan wannan. Sai a 1638 Holan suka zauna a tsibirin, kuma a ƙarnin nan yawan mazaunan bai cika wuce mutum hamsin ba, a ƙasa mai faɗin murabba'in kilomita fiye da 1,800, mai duhun kurmi. Su kansu matuƙan sun rubuta cewa naman yana da tauri. Mutum hamsin ba sa cinye tsuntsun ƙasa guda. Abin da ya sauko daga cikin jiragen shi ya yi aikin: aladu, birai, ɓeraye da kyanwoyi. Wani Bafaranshe, François Cauche, ya ba da labarin cewa tsuntsun ƙwai ɗaya tak yake yi, a kan tarin ciyawa a ƙasa. Alade ba ya buƙatar bindiga kafin ya fasa ƙwan da ke ƙasa.

A nan nake so ku tsaya tare da ni, domin duk abin da na zo faɗa ya rataya a kan wannan lissafi. Idan maharbi ya kashe babban tsuntsu, an rasa ɗaya, kuma kowa ya gani. Idan aka ɗauke ƙwai, babu wanda ya ga an rasa komai. Uwa da uba suna nan suna yawo. Badi a sake ɗauka, manoma su ce ai suna nan da yawa, kullum muna ganinsu. Shekara goma, shekara goma sha biyar, ana ganin garken nan, ba a lura cewa duk tsofaffi ne, babu ɗan tsako ko ɗaya a bayansu. Rana ɗaya sai a wayi gari sun mutu kusan lokaci guda, mutane su ce annoba ce ta faɗo. Alhali tun ranar da aka fara kwasar ƙwan aka gama da su. Kamar manomin da ya daka irinsa ya ci ne: rumbu cike yake a ido, sai damina ta faɗi sannan a san abin da ya faru. Tsuntsun da ke yin ƙwai ɗaya a shekara, ko wanda ke shekaru kafin ya balaga, ba shi da hanyar rama wannan asara. A watan Yuni na 1844, a tsibirin Eldey kusa da Aisland, masunta suka shaƙe namiji da tamata na ƙarshe na wani tsuntsun teku marar tashi, don wani mai tara kayan tarihi ya yi odarsu. Suna kwance a kan ƙwai ɗaya, shi ma ya fashe a ranar.

Wani zai ce ina ruwan Didawure da tsibiran da ba mu taɓa gani ba. Kakanninmu fatake da suka bi hanyar goro daga Kano da Sakkwato zuwa Salaga, suka sauke kaya a nan, daga ƙasar jimina suka fito. Jimina mai jan wuya, wadda ba tsuntsun da ya kai ta girma a duniya, tana kiwo a da daga Senegal har bakin Bahar Maliya. Ita ma ba ta tashi, ita ma a ƙasa take ƙwai. Mata da yawa ke zuba ƙwai a rami ɗaya da namiji ya tona, ɗaya daga cikinsu ta kwanta da rana, shi ya kwanta da dare, har kwana 42. Ƙwai ɗaya ya kai kilo ɗaya da rabi. Wanda ya gano ramin nan ya kwashe haihuwar garke guda cikin yini ɗaya.

Mun san inda ƙwan da gashin suka tafi. An kafa ƙwan a kan tulluwar masallatai da ƙololuwar ɗakuna. Gashin ya zama figini da takalman sarauta a fadar Kano, sauran kuma raƙuma suka ɗauka ta Damagaram da Agadas zuwa Tarabulus, daga can zuwa Landan da Faris. Darajarsa ta kai har gwamnatin Afirka ta Kudu ta turo tawaga a 1911, ƙarƙashin Russell Thornton, ta zo ƙasar Hausa neman irin jiminarmu, ta koma da fiye da ɗari a 1912. Kasuwar gashin ta rushe a 1914, amma kwasar ƙwai da kamun 'yan tsaki don ajiyewa a gidajen masu hali ba su tsaya ba, sannan mota da bindigar zamani suka shigo daji. A Azbin an ƙiyasta jimina wajen 1,600 a 1990. Rikicin tawaye ya zo, zuwa 2004 namiji na ƙarshe da aka sani a dajin ya mutu. Daga nan a Nijar aka koma kiwonta a cikin shinge, a wurare irin su Kelle, da fatan mayar da ita daji. Ta ƙasar Larabawa kuwa ta ƙare ƙaf a tsakiyar ƙarnin da ya wuce.

Masu cewa fari ne ya kashe jimina ba su ba ni amsar tambaya ɗaya ba har yau. Tsuntsun da ya rayu dubban shekaru a bakin Sahara, ya wuce fari bayan fari, me ya sa sai wanda ya zo tare da mota ne ya gama da shi? Masu cewa talauci ne, su ma ban tsaya dogon zance da su ba. Ba matalauci ke sayen ɗan jimina ya sa a tsakar gida ba.

Yanzu ku dubi taswirar ƙasar nan. Gandun dajin Fazawo-Malfakasa, nan yamma da mu, hekta 192,000 ne, gonaki sun kewaye shi. Gandayen dajin Keran da Oti-Manduri a arewa, kun san yadda aka tashi ƙauyuka da ƙarfi don faɗaɗa su, kun kuma san abin da ya biyo baya a farkon shekarun 1990, da jama'a suka koma da fushi suka huce a kan namun daji. Ɗan gandun Fosse aux Lions da ke kudu da Dapaong, mutanen can sun fi ni sanin rabonsa da zaki. Kowane ɗayansu tsibiri ne yanzu. Tsuntsun da ke ciki ba shi da inda zai gudu, kuma idan ya ƙare babu inda wani zai zo ya maye gurbinsa. Karnukan farauta da shanun da ake kora ciki da wutar da ake cinnawa suna yi wa sheƙar ƙasa abin da aladu suka yi a Morishas.

Tsuntsayen da nake jin tsoro a kansu kun san su da sunansu. Gauraka, wadda ke ƙwai a fadama, ana kama 'ya'yanta don ado a gida, har ta kusa ƙarewa a Najeriya. Burtu, da maharba ke sa kansa don yaudarar nama, da ƙyar yake raya ɗa ɗaya a kowace ƙyanƙyasa. Tuje da zabon daji da makwarwa duk a ƙasa suke ƙwai, kuma da damina yara kan shigo gari da ƙwan zabon daji a hula, a saya a sa wa kaza. Sai angulu. Dattawan da ke nan sun san mahauta a da ba a iya ƙirga angulun da ke kanta. Tun 2015 aka sa ta cikin jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa. Ƙwai ɗaya take yi a shekara, kuma binciken da aka yi a Burkina Faso ya nuna mutane na hawa itace su ɗauke shi don haɗa magani. Dole in faɗa a gabanku cewa cikin masu wannan fatauci akwai namu, masu jin harshen da nake magana da shi.

Jami'an gandun daji kan kawo rahoton yawan bindigogin da suka kama. Ina girmama wahalarsu, amma rahoton da nake nema shi ne sheƙa nawa aka gani bana, nawa suka ƙyanƙyashe, 'yan tsaki nawa suka tashi. A ba makarantun da ke kewayen Fazawo wannan aiki, ɗaliban Jami'ar Kara su tattara alƙaluman kowace shekara. Sarkin kasuwa ya hana shigo da ƙwan daji da ɗan tsuntsun daji da kan angulu, kamar yadda yake hana mushe. Shugabannin maharba su dawo da hutun farauta na damina, su hana shiga da karnuka. Malamanmu kuma, akwai hadisin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci sahabbai su mayar wa wata tsuntsuwa 'ya'yanta da suka ɗauke. Ina roƙon a yi huɗuba a kansa a masallatan Juma'ar Didawure kafin ruwan farko ya sauka, tun zabi ba su fara ƙwai ba.