Jawabin Ranar Cika Shekara: Tattalin Gida Bayan An Ajiye Aiki

Iyayenmu mata, 'yan'uwa mambobi, da iyayen gida da suka rako mu, sannunku da zuwa. Waɗanda suka taso tun daga Kiru, Tudun Wada da Doguwa, Allah ya mayar da kowa gida lafiya.

Da yawa cikinmu sun ajiye aiki, ko maigida ya ajiye, bayan shekara 35 a aji ko a asibiti ko a ƙaramar hukuma. To, fansho ba ya tashi tare da kasuwa. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mota daga Ƙofa zuwa Kano ya hau, cefane ya hau. Farashi ba a hannunmu yake ba, amma lokacin saye yana hannunmu.

Mu fa a bakin rumbu muke zaune. A gabanmu ake lodin masara da shinkafar Tudun Wada da Doguwa a yi Dawanau da su, mu kuma sai tsakiyar damina, rumbuna sun yi ƙasa, mu fara awo kwano-kwano da tsada. Me ya hana mu haɗa kuɗi da kaka mu sayi buhuna mu raba? Na ci muke nufi. Mai ɓoyewa don riba ita ta sani, kasuwa takan faɗi.

Wake shi ne mai ba mu wahala. A samu buhun nan na PICS mai leda biyu a ciki. A shanya waken ya bushe ƙarau, a matse iska, a ɗaure kowace leda daban. Iska na ƙarewa ƙwarin sai su mutu, ba sai an zuba maganin da zai cutar da jikoki ba. Amma a ɗora shi kan katako, nesa da ɓera, don huda ɗaya ta ɓata aikin. Da rani kuma, idan tumatirin da ake nomawa da ruwan Tiga ya yi araha, a yanka a yi kauɗa. Kuɓewa da kuka dama mun iya.

Sai maganar da ba a so, wato biki. Anko uku a wata ɗaya, ga gudummawa, ga kuɗin mota, duk daga fansho ɗaya! Hajiya, atamfar bara ba ta tsufa ba. Zumunci a ƙafa yake, kije da abin da kike iyawa. Haka giratuti: ranar da ya fito kowa ɗan'uwa ne, kuma sau ɗaya ake biyansa. Kafin a taɓa shi a kayan ɗaki, a zauna da maigida a ware na gyaran rufi, na tumaki biyu ko uku, da na asusun ƙungiya.

Wuri ɗaya ne ba mu yarda a yi tsimi ba: maganin hawan jini da na ciwon suga. Masu tsallake kwana don ƙwaya ta kai ƙarshen wata, don Allah a daina. Wadda kuɗi suka yanke mata ta zo ta yi magana a asirce, rance na nan.

Masu son shiga sayen hatsi na haɗin gwiwa su ba ma'aji sunansu kafin a tashi, da adadin kwanon da gida ke ci a wata.