Tsibirin Ikko da Funtua: Riga Ɗaya, Jiki Daban
(Jawabin da aka gabatar a taron shekara na tsofaffin ɗalibai)

Shugaban taro, malamanmu masu girma, 'yan'uwa tsofaffin ɗalibai.

Malamin da ya koya mana labarin ƙasa yana nan zaune, saboda haka zan taka sannu. Maganata a kan ƙaramar hukumar Tsibirin Ikko ce, wato Legas Ailan, da abin da ya haɗa ta da mu.

Faɗinta bai kai murabba'in kilomita 10 ba, ruwa ya kewaye ta. Daga gabas wata mashigar ruwa da Turawa suka haƙa ta taɓa raba ta da Ikoyi. Gadoji uku ke sada ta da tudu: ta Carter, wadda aka fara ginawa a 1901, da ta Eko, da ta uku da Janar Babangida ya buɗe a 1990. A ƙidayar 2006 mutanenta kimanin dubu 210 ne, Funtua kuwa dubu 225. Kusan kunnen doki ke nan, sai dai ƙasar Funtua ta fi tata sau arba'in. Kuma ƙidaya masu kwana take lissafawa. Da gari ya waye, jama'a ke kwararowa kasuwannin Balogun da Idumota, har da 'yan'uwanmu Hausawa, su bar wa hukuma shara da cunkoso.

To, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya ɗinka wa kowa riga iri ɗaya: ciyaman, kansiloli, sassan aiki. A ganina nan gizo ke saƙar. Ciwon kan ciyaman ɗin tsibirin shi ne magudanan ruwa da rumfunan kasuwa. Namu kuwa, daga Funtua zuwa Bakori, Danja da Malumfashi, shi ne hanyar da za ta fito da masara da auduga da tumatir daga ƙauye, da gadar da ruwan Agusta ba zai cinye ba. Amma sau nawa muka ga an fara da shagunan haya a bakin titi, alhali manomi na biyan kuɗin mota ninki biyu kafin buhunsa ya isa kasuwar Dandume?

A Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye. Ina roƙon wannan ƙungiya ta naɗa mutum uku, cikinsu har da injiniya da akanta, su nemi kasafin kuɗin ƙaramar hukumarmu na bana, su karanta mana nawa aka ware wa hanyoyin karkara a taro mai zuwa.